A Bi da Ni ta Kan Gada

Ban taɓa shiga gidan rasuwa na tarar ana danne dariya ba sai a namu. Kakanmu ya cika da safe, bayan ya idar da sallar Asuba ya sha kokonsa. Ni kuma na iso daga Makarfi, inda nake koyarwa, da hantsi, idanuna jawur don kuka. Ina ratsa zaure na ga maza sun cika shi har sun zubo waje, kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo da ya zo daga Gazara a kan babur ya yi wa Baffa, ƙanen mahaifina, gaisuwa yadda ta kamata. Ya ce Allah ya jiƙan tsoho, ya sa ya huta. Yana ɗaga kai sai ya hango tsohuwar talabijin ɗin Kaka a kan teburinta, an lulluɓe ta da zane. Bai san lokacin da bakinsa ya suɓuce da maganar da Kaka ya saba yi ba: "Ku bar kallon soja, ku kalli gada!"

Sai wani ya fashe da dariya, sauran suka bi shi. Liman ya yi gyaran murya sau biyu, a na uku shi ma ya ja rawani ya rufe bakinsa.

A cikin gida ma haka abin yake. Mata sun kewaye Iya, matar Kaka, wannan ta share hawaye, waccan ta tuno wata magana tasa, sai kuka ya koma dariya, dariya ta sake komawa kuka. Iya na ganina ta miƙo hannu ta ce, "Amarya, angon naki ya tafi bai yi miki sallama ba." Haka Kaka yake kirana tun ina rarrafe, irin wasan kaka da jika. Na durƙusa a jikinta na yi kukan da na taho da shi tun daga tasha. Da na lafa ta raɗa mini a kunne: "Ki bar kuka, akwai aiki. Tsohon nan ya bar mana rigima."

Rigimar ita ce wasiyyarsa. Ƙauyenmu yana bayan Hunkuyi, rafi ya bi ta bayan gidanmu. A tsallaken rafin ne Ardo da jama'arsa suke zaune da shanunsu tun kafin a haifi mahaifina, can kuma tsohuwar maƙabarta take, inda aka binne mahaifin Kaka da nawa mahaifin. Kaka ya faɗa wa Liman a gaban Iya cewa can yake so a kai shi, kuma a bi da shi ta kan gadar bayan gida, kada a sa shi a mota a zagaya ta kwalta. To, gadar nan shekara biyu ke nan rabonta da zama gada. Gungumen giginya ɗaya tal ya rage a kanta, wanda ya cire sauran biyun kuwa Baffa ne da hannunsa. Mayar da su ba ya yiwuwa sai da bijiman Ardo, kuma tun ranar Baffa bai ƙara yi wa Ardo ko sannu ba. Liman ya ce ba a jinkirta gawa. Ya ba su zuwa La'asar. In gada ba ta tsaya ba, mota za ta zo.

Wanda bai san Kaka ba zai ce me ya haɗa manomin rake da gada har haka. Finafinan yaƙi ne suka haɗa su.

Kaka bai taɓa riƙe bindiga ba, ko ta harbin kurciya. Yana saurayi yakan kai mazarƙwaila Zariya, wata rana wani abokin tafiya ya ja shi sinima. Ya ba ni labarin ya fi sau hamsin. Wai a fim ɗin sojoji suna ta gudu da motoci masu sulke, babu mai tare su, har suka iso bakin wani kogi suka yi cirko-cirko. "Amarya," in ji shi, "dubun soja, ga ƙarfe ga wuta, ruwa ya ce musu ku dakata. Ran nan na gane ashe duk yaƙin a kan katako ake yin sa." Da Allah ya buɗa masa ya sayi bidiyo da ɗan janareta, ya girke su a zaure. Duk ranar Juma'a bayan La'asar a kunna, kafin Magariba a kashe. Da kaset ya wuce ya koma faifai, da faifai ya wuce ya koma wayata.

Abin da ya sa mutane ke tahowa daga ƙauyukan kewaye shi ne bakin Kaka. Ba ya jin Turanci, balle sauran harsunan da ake yi a finafinan, amma shi ne mai fassara. Zai zauna a gefen talabijin da karan rake a hannu yana nuni. Babban hafsa ya buɗe taswira ya yi dogon jawabi, Kaka ya ce, "Cewa yake, jama'a, abincinmu na can, mu muna nan, wa zai je ya ɗauko?" Wani matashi da ya yi sakandare ya taɓa cewa, "Kaka, ba haka ya ce ba fa." Kaka ya juyo ya dube shi ya ce, "To abin da ya kamata ya ce ke nan." Kuma in ka bi fim ɗin zuwa ƙarshe, sai ka tarar fassarar Kaka ta fi ta mai fim tafiya daidai.

Yana da karatunsa na gada da ya tsara da kansa. Ya ce soja cikinsa ne ke yaƙi, kuma abinci da mai da harsashi da magani duk ta gada suke bi, don haka wanda ya riƙe gada ya riƙe cikin abokin gabarsa. Ya ce in ka ga an nuno gada tun a farkon fim, ana wucewa ta kanta da awaki da kekuna, to ka yi mata kallon ban kwana. In ka ga soja kwance da waya da ɗan akwati mai mariƙi, to masu fim suna gaya maka daga nan babu komawa gida. In ka ga mata da tsofaffi suna tsallakawa da ƙunshin kaya a ka, sai ya sauke karan raken ya yi shiru, domin wannan, in ji shi, ba ya buƙatar fassara. Wurin da ya fi so kuwa shi ne inda mutum biyu za su taho, wannan daga nan, wancan daga can, su haɗu a tsakiya a miƙa wani fursuna ko wata takarda. Nan zai miƙe tsaye. "Kun gani? Duk abin da aka miƙa a tsakiyar gada, yaƙi ya gaji ke nan."

Fim ɗin da babu gada a ciki, sunansa a wurin Kaka yaƙin banza. Ya taɓa kashe janareta ana tsakiyar kallo saboda an yi sa'a guda ana harbe-harbe a cikin rairayi ko kwalbati ba a nuno ba. In aka zo wurin da soja ke rungumar budurwa kuwa, zai tsaya a gaban talabijin ya baza babbar riga yana cewa, "Nan gaisawa suke yi, sun gama." Iya takan leƙo daga soro ta ce, "Wannan gaisuwa tasu dai ba ta ƙarewa."

Liman ya taɓa yi masa faɗa. Ya lura sojoji na zubewa Kaka ko a jikinsa, amma da an tashi gada sai ya dafe kai ya yi salati. Kaka ya ce, "Allah gafarta Malam, wancan da ya faɗi, ana kashe na'ura zai tashi ya karkaɗe wando ya tafi cin abinci. Gadar fa? Gobe da safe mai nono ta ina za ta bi?"

Ni ma mun yi faɗa da shi a kan wannan, kuma laifina ne. Shekarar da na gama kwaleji kaina na hayaƙi, na ce masa, "Angona, gadar nan fa da kake yi wa salati ba gada ba ce. Wata 'yar ƙarama ce suke haɗawa a kan tebur, wata ma da kwamfuta ake zana ta." Ya dube ni kamar na zage shi. Kwana biyu bai kira ni Amarya ba, in na gaishe shi sai ya ce "Lafiya lau, Malama." Wallahi abin ya dame ni fiye da yadda na zata. A rana ta uku ya aiko a kira ni, ya fere mini rake da kansa, ya ce, "Na yi tunani. Ko da zana ta aka yi, wanda ya zana ta an taɓa raba shi da wani. In ba haka ba bai san inda zai sa ta ta karye ba." Ban sake yi masa gyara ba.

Gadar bayan gidanmu shi da Ardo suka kafa ta suna da ƙarfinsu. Gumagumai uku ne na giginya, aka jera azara a kansu aka zuba ƙasa. Gungumen giginya ba abin da mutane ke ɗauka a ka ba ne, don haka suka yi dabara: a ɗaure shi da igiya a wannan gaɓa, a jefa igiyar can, bijiman Ardo su ja, mutanenmu su tura. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka akan yi gayya a gyara ta haka, mu da turawa, su da ja. Kaka ne kwamanda. Zai tsaya a kan tudu da karan rakensa yana ba da umarni, Ardo daga can yana mayar masa: "Kai Kaɗo, ka sauko ka sa hannu, ba fim ake yi ba!" Kaka ya ce, "Ka taɓa ganin janar da taɓo a ƙafa?" In an gama, matan tsallake su kawo nono, namu su kawo fura, a dama a tsakiyar gada a sha.

Sai shekarar da shanu suka tsallako suka shiga sabon raken Baffa suka yi masa kaca-kaca. Gaskiya an yi masa ɓarna, ba zan ɓoye ba. Ardo ya zo da kansa ya ba da haƙuri, manya suka zauna aka sasanta. Amma Baffa mutum ne mai zuciya. Washegari ya tara matasa suka kwashe azara, suka janye gumagumai biyu suka yar a gaɓarmu. Kaka ya fito ya tsaya yana kallo. Kowa ya zaci zai yi tsawa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shekara nawa kana zaune a zaurena, ashe soja kake kallo."

Na tambaye shi daga baya me ya hana shi sa a mayar, tunda babu mai ƙetare maganarsa. Ya ce in ya ba da umarni za a mayar, amma ranar da ya kau za a sake cirewa. Hannun da ya cire shi ne zai mayar, shi kuwa yana da haƙurin jira.

Shekara biyun nan sun ci shi, ko da yake bai bari an gani ba. Mai nonon da ta saba kawo masa kullum da hantsi ta daina zuwa, don babu mai hawa gungume ɗaya da ƙwarya a ka. Ya ƙi shan na kasuwa, wai ruwa ne aka yi wa farin fenti. Shi da Ardo kuwa suka buɗe sabuwar majalisa. Bayan La'asar kowa ya shimfiɗa buzunsa a gaɓarsa, su yi ta ɗaga murya. "Bafillace, har yanzu kana nan?" "Ina nan, Kaɗo, sai na ga bayanka!" Duk abin da suka tattauna, ƙauye biyu sun ji. Mu muna dariya, amma na sha ganin Kaka in ya naɗe buzu ya ɗan tsaya yana duban gumaguman nan biyu da ciyawa ta fara rufewa.

To, ga mu a ranar rasuwa, rana tana ta ɗagawa. An yi wa Kaka wanka an suturta shi. Baffa ya shigo cikin gida ya durƙusa a gaban Iya, ya ce, "Iya, mota ta fi sauƙi. Rafi ya kawo ruwa, kuma lokaci na tafiya." Iya ba ta ɗago daga carbinta ba. Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Ubanka ne ya ce." Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya fita ta ƙofar baya, wadda ke kallon rafi.

Iya ta shiga takaba, ba za ta fita ba, mu ma mata ba ma bin gawa. Amma katangar bayan gidanmu gajeriya ce. Iya ta dube ni ta ce, "Amarya, kife turmin can ki hau ki gaya mana." Na kife turmi na hau. Ban ankara ba sai na ji an miƙo mini karan rake, wata gwaggona ce ta ɗauko daga ɗakin Kaka. Mata suka matso suka zauna a ƙasa suna kallona.

Na ce, "Ga Baffa a bakin gada. Ya cire takalmi. Ya sa ƙafa ɗaya a kan gungume. Ya janye."

"Tsoron ruwa gare shi tun yana yaro," in ji Iya.

"Ya naɗe riga. Ya zauna a kan gungumen kamar mai hawan jaki. Iya, da jan gindi yake tafiya!"

Tsakar gida ta kaure da dariya, masu kuka na yi da hawaye a fuska. Baffa mutum ne mai jiki, ga jama'ar ƙauye biyu sun yi layi a gaɓa suna kallonsa, ga ruwa na gudu a ƙarƙashinsa ja wur. Hularsa ta faɗa ruwa ta tafi, bai waiwaye ta ba. Ina dariya, amma ban san da wace fuska za a karɓe shi ba.

Da ya kai, sai na ga abin da itatuwa suka tare mini da farko. Ardo na zaune a kan buzunsa a wurin da ya saba. A bayansa ga bijimai huɗu an riga an ɗaura musu igiya, ga 'ya'yansa tsaye. Baffa ya durƙusa har ƙasa. Ardo, da yake shekara biyu ya saba magana da ƙarfi a wurin nan, duk abin da ya ce mun ji shi har cikin gida.

"Tun da na ji salati daga gidanku na ɗaure shanun nan. Ubanka ya ce kada in motsa sai ka zo da kanka. Bai dai gaya mini da jan gindi za ka zo ba."

Baffa ya ce wani abu da ban ji ba, kansa a ƙasa. Mata suka ce, "Me ya ce? Me ya ce?" Na ce, "Cewa ya yi, Baba Ardo, na yi kuskure, a yafe mini." Iya ta ce, "Kin ji shi da kunnenki?" Na ce, "Abin da ya kamata ya ce ke nan." Iya ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba.

Ardo ya kama Baffa ya tashe shi. Aka jefo igiya. Daga nan aiki ya kankama kamar ba a taɓa dainawa ba, namu na turawa, nasu na ja, bijimai na nishi. Babu kowa a kan tudun da Kaka ke tsayawa, kuma na lura babu wanda ya hau. Gungume na farko ya zauna bayan Azahar. Na biyu ya sulluɓe ya kusa tafiya da ruwa, Baffa ya faɗa rafin har ƙirji ya tallafe shi da kafaɗa, shi da babban ɗan Ardo, har aka ja shi ya hau. Mutumin da ke tsoron ruwa! Aka jera azara, aka zuba ƙasa, aka tattake. Ladan na kiran La'asar ana watsa kwandon ƙarshe.

Aka yi masa salla a ƙofar gida, aka ɗauko makara aka zagayo da ita bayan gida. A nan na so in sauko daga turmin, amma Iya ta ce in ci gaba.

"Sun hau gada. Baffa ne a gaba, rigarsa sharkaf. Mutanen tsallake sun taho daga can. Ardo ne a gabansu da sandarsa." Na nuna da karan raken. "Sun haɗu a tsakiya. Sun tsaya. Iya, namu sun miƙa musu shi. Sun karɓa."

Babu wanda ya shirya wannan, na tambayi Liman daga baya. Gadar ce ba ta da faɗin da mutane za su wuce juna, dole na nan su miƙa wa na can. Na sauke karan raken na yi shiru. Iya ma ba ta ce in ƙara komai ba.

Washegari da hantsi muna zaune ana karɓar gaisuwa, sai muka ji sallama daga ƙofar baya. Mai nonon Kaka ce, da ƙwarya a ka, ƙafafunta da sabuwar ƙasar gada. Ta durƙusa ta yi wa Iya ta'aziyya, sannan ta tsaya tana jujjuya ludayi, ta rasa yadda za ta yi da abin da ta kawo. Iya ta ce in ɗauko kwanon Kaka a kan randa. Na ɗauraye ƙurar shekara biyu na kawo. Mai nono ta zuba ludayi uku, yadda ta saba, ta ƙara rabi na gyara. Iya ta dama fura a ciki da hannunta, ta ce a kira Baffa daga zaure.

Ya zo ya durƙusa. Ta miƙa masa kwanon ta ce, "Na mai gada ne. Gayyar baɗi kai za ka kira."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sha har ƙasa, hawaye na sauka a cikin kwanon.

Allah ya jiƙan angona, ya haskaka makwancinsa, ya yafe masa kurakuransa. Gada ɗaya ta rage masa a gaba, Allah ya sa ya ƙetare siraɗi cikin sauƙi, ya tarar da masu tarbarsa a tsallake.